Tsarnawa da manhajar haya: a hannun wa makullin takardun jama'a zai zauna?

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 da Office 2016 da Office 2019. Ba wanda ya ji ƙarar komai a mahaɗar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ke rabuwa da babban titin Yamai zuwa Damagaram. Motocin albasar Galmi da na simintin Malbaza sun ci gaba da wucewa, kwamfutocin ofis kuma sun ci gaba da kunnuwa kamar jiya. Abin da ya canja ba a ganinsa da ido: daga wannan rana kamfanin ya daina aiko da gyaran da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi su shiga, sai ga wanda ya biya ƙarin kuɗi don Windows ɗinsa. Tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba.

Wannan rana ta ba masu sayar da kayan ofis hujja mai ƙarfi, kuma maganar da za su kai gaban shugabannin ƙananan hukumomi, daga Tsarnawa zuwa Malbaza da Dogarawa da Badagishiri da Illela, ba ta da wuyar hasashe. Tsohon kaya ya mutu, a koma sabon tsari. Sabon tsarin kuwa, ko Microsoft 365 ne ko Google Workspace, haya ake yi, ba saye ba. Kowane ma'aikaci a buɗe masa asusu, a riƙa biyan kuɗin kansa duk wata ko duk shekara, wasiƙunsa da takardunsa kuma a ajiye su a abin da masana ke kira gajimare. Sunan yana da daɗin ji, amma ba wani abu ba ne illa kwamfutocin wani kamfani, a cikin wani gini, a wata ƙasa.

Bai kamata ƙaramar hukuma irin Tsarnawa ta sa hannu a irin wannan kwangila ita kaɗai, cikin gaggawa, kuma a ɗaki rufe ba. Dalilan suna da yawa, amma adalci ya sa a fara da abin da masu tallar suka faɗa daidai.

Ma'aikatar magajin gari a ƙauye ba ta da zinariya, amma abin da ke cikin kabad ɗinta ya fi ƙarfin a sa masa farashi. Akwai littattafan rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Akwai jerin masu biyan haraji na kowane ƙauye da kowace ruga. Akwai takardun gonaki da hukumar filaye ta ƙaramar hukuma ke riƙe da su ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, waɗanda a yanki irin wannan, inda ake noman rani a fadamun Ƙonni kuma taƙi ɗaya na iya raba zumunci, su ne ke tsayawa tsakanin iyalai biyu da zaman kotu. Duk wannan takarda ce, takarda kuwa abincin gara ce. Daminar 2024 ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya a Nijar, ta kayar da gidaje da azuzuwa, har da tsohon masallacin Damagaram da ya haura shekara ɗari. Ruwan da ya iya wannan ba zai ji nauyin kabad ɗin katako ba.

Wanda ya fi kowa sanin darajar waɗannan littattafai shi ne ɗan ci-rani. Ba'adare da ke Abijan ko Legas ko Tamanrasset, in fasfonsa ya ƙare ko ɗansa zai shiga jarrabawa, sai ya bugo waya gida, a tashi ƙane ya hau kabu-kabu ya tafi neman kwafin takardar haihuwa. In littafin shekarar ya yage ko ya ɓata, maganar ta koma kotu. Dokar rajistar jama'a ta 1 ga Yulin 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, wanda ya wuce haka sai da hukuncin alƙali, kuma wanda aka yi wa rajista amma shafinsa ya salwanta wahalarsa ba ta fi ta wanda ba a taɓa rubutawa ba sauƙi. Don haka duk mai cewa a bar komai a takarda kamar zamanin kakanni bai taɓa tsayawa layi a gaban tagar rajista ba.

Akwai kuma gaskiya ta biyu da ba a cika son faɗa ba. Ofisoshi da yawa a wannan yanki na Afirka sun daɗe da shiga gajimare ta ƙofar baya. Manhajar da ke kan kwamfuta sau da yawa ta sata ce, wadda mai gyara ya ɗora a kan jika biyu. Wasiƙar aiki tana tafiya ta WhatsApp. Kasafin kuɗi yana kwance a Gmail ɗin wani ma'aikaci, wanda shi kaɗai ya san lambar sirri. Ranar 4 ga Afrilun 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya rushe majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi, aka naɗa kantomomi a madadinsu. A rana ɗaya shugabannin ɗaruruwan ma'aikatu suka tattara nasu suka tafi. Mota da hatimi da makullin ofis ana miƙa su a gaban shaidu, amma takardar da ke cikin wayar mutum ko asusunsa na kansa da shi take tafiya. Asusun aiki mai sunan hukuma, wanda ba ya bin mutum gida, gyara ne na gaske, kuma nan masu tallar suka fi gaskiya.

To amma a zo ga kuɗi. A 2025 farashin da Microsoft ya sa wa tsarinsa na Business Standard a Amurka dala 12.5 ne a wata ga kowane mutum, in an ɗauki alkawarin shekara. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Ƙonni mai tamma biyar ba. A shekara dala 150 ke nan. In aka lissafa dala ɗaya a kan sefa 600 don sauƙi, kowane ma'aikaci zai ci jika 90 a shekara, kafin ribar dillali da haraji da kuɗin intanet. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne, wato hayar kujerar mutum ɗaya a gajimare ta fi albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. Ma'aikata goma sun kama jika 900. Ko da a ce kowane mai biyan haraji jika ɗaya yake bayarwa, sai maigari ya bi magidanta 900 ƙofa-ƙofa kafin a haɗa kuɗin da za a aika wa kamfanin da ke Amurka, kuma baɗi a sake. Akwai tsari mai araha, wanda a 2025 yake dala 6, amma shi Word da Excel ɗinsa ba sa sauka a kan kwamfuta, ta shafin intanet ko ta waya ake amfani da su.

A babban birni wannan kuɗi ba komai ba ne. A ƙaramar hukumar karkara da dokokin Janairun 2016 suka ɗora wa nauyin makarantu da asibitoci da ruwan sha da muhalli, ba tare da kuɗin ya biyo nauyin yadda ya kamata ba, jika 900 tebura ne na aji, ko gyaran famfunan da suka mutu. Kuma mai gida ne ke yanke kuɗin haya. Microsoft ya ƙara farashi a Maris ɗin 2022, a Disamban 2025 kuma ya sanar da wani ƙarin daga Yulin 2026. Google ya ƙara nasa a farkon 2025 bayan ya cusa manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira, Gemini, a cikin tsarin, ko mai haya ya nema ko bai nema ba. Ba a tuntuɓi majalisar kowane gari ba kafin a yi.

Abin da ya fi ƙarin farashi hatsari shi ne ranar da aka kasa biya. Wanda ya sayi keken rubutu a da, ko ya shekara goma bai da ko tamma, kekensa na nan. A tsarin haya kuwa, in kuɗi ya yanke, asusu yakan fara taƙaita, sannan a rufe shi, bayan 'yan watanni a goge abin da ke ciki. Duk wanda ya san yadda albashin ma'aikatan ƙananan hukumomi ke makara a shekarar da damina ta ƙi, zai iya hasashen inda kuɗin manhaja zai faɗo a jerin basussuka. Sau da yawa ma wani shirin tallafi ne ke biyan shekarar farko ko ta biyu, a yi bikin miƙa kwamfutoci, a ɗauki hoto, shirin ya ƙare, hayar ta rage a wuyan hukuma. Mutanen Ƙonni da Tsarnawa ba sa buƙatar a yi musu lacca kan yadda kuɗin waje ke tsayawa. Gyaran filin noman rani na Ƙonni yana cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da hukumar MCC ta Amurka ta ƙulla da Nijar a 2016, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Amurka da Tarayyar Turai da Bankin Duniya duk sun dakatar da wani ɓangare na abin da suke bayarwa.

Sai maganar wuta da rezo. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin ya fi haka muni. A farkon Agustan 2023 Najeriya, wadda a lokacin ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, ta yanke layi bisa takunkumin ECOWAS, ba ta mayar ba sai a Maris ɗin 2024. Iyakar Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato (ba Illelar Tawa ba) ta zauna a rufe tsawon watanni. A cikin wannan Maris ɗin kuma, ranar 14 ga wata, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Ƙasashe fiye da goma suka shiga matsala, Nijar na ciki duk da ba ta da teku, Microsoft da kansa ya amsa cewa ayyukansa sun samu cikas a nahiyar. Ba kullum daga waje duhun ke zuwa ba ma. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, an katse intanet ɗin wayar salula a Nijar kusan kwana goma. Ofishin da duk takardunsa ke gajimare, a irin waɗannan ranaku, ma'aikatansa sai shan shayi.

Masu tallar suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Tsarin mai tsada yana sauka a kan kwamfuta, yana aiki ba intanet, muddin ya gaisa da kamfani sau ɗaya a cikin kwana 30. Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, faifan hasken rana ya yi araha, tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 tana nan tun 2018 a matsayin shaida cewa rana ba ta yi wa yankin rowa ba. Duk gaskiya ne. Sai dai kowace amsa wani sabon kuɗi ne, kuma Starlink ɗin ma haya ce ta wata-wata daga wani kamfanin Amurka. Hukumar da ta ɗora hayar manhaja a kan hayar tauraron ɗan'adam ta ɗaure akuyarta da igiya biyu, duka biyun kuma ƙarshensu na hannun baƙo.

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin ta wuce lissafin jika. Cibiyoyin ajiyar bayanai na farko da Microsoft ya buɗe a Afirka, a 2019, suna Johannesburg da Cape Town. Google ya buɗe tasa a Johannesburg a 2024. Ko ma a ina ginin yake, akwai dokar da Amurka ta yi a Maris ɗin 2018, CLOUD Act, wadda ta ba hukumominta damar tilasta wa kamfanin Amurka ya miƙa bayanan da ke hannunsa ko da a wata ƙasa ya ajiye su. A Yunin 2025 wani kwamitin majalisar dattawan Faransa ya tambayi Anton Carniaux, daraktan harkokin shari'a na Microsoft a ƙasar, bayan ya yi rantsuwa, ko zai iya tabbatar da cewa bayanan Faransawa ba za su taɓa faɗawa hannun gwamnatin Amurka ba tare da izinin Faransa ba. Ya ce ba zai iya ba, ko da yake ya ƙara da cewa hakan bai taɓa faruwa ba. In Faransa ba ta samu wannan tabbaci ba, kantoman Tsarnawa ba zai samu daga bakin dillali ba.

Wani zai ce, me Amurka za ta yi da jerin masu biyan harajin ƙauyukan Adar? Wataƙila ba komai. Leƙe ba shi ne babban abin tsoro ba, rufe ƙofa ne. A Oktoban 2019 kamfanin Adobe ya sanar da masu amfani da manhajojinsa a Venezuela cewa zai rufe asusunsu saboda umarnin takunkumi na shugaban Amurka, sai daga baya aka samu sassauci. A 2022 Microsoft ya daina sayar da sababbin kaya a Rasha. A Yulin 2025 ya dakatar da ayyukansa ga Nayara Energy, kamfanin matatar mai na Indiya, bayan Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin takunkumi. Kamfanin ya garzaya kotu a Delhi, aka mayar masa bayan 'yan kwanaki. Wannan kamfani ne mai lauyoyi da biliyoyi. Nijar kuwa ƙasa ce da a 2023 aka daskarar da kuɗin gwamnatinta a babban bankin BCEAO, aka hana hada-hadar kuɗi tsakaninta da maƙwabta. Tun daga nan ta shiga ƙawancen AES, ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ta sallami sojojin Faransa da na Amurka. Mutum na iya goyon bayan wannan tafiya ko ya soke ta, amma ba zai yiwu a yi ta kiran 'yancin kai a dandali ba, sannan a ɗauki rajistar haihuwar 'ya'yan ƙasa a kai rumbun da makullinsa ke hannun wanda ake takun-saƙa da shi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun Mayun 2017, aka sabunta ta a Disamban 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido. Fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa yana da sharuɗɗa. Sakataren da ya ɗauki hoton shafin rajista ya ɗora a gajimare, a idon doka ya fitar da sunaye da ranakun haihuwa da sunayen iyayen mutane daga ƙasa, ko da bai motsa daga kujerarsa ba. Dillali ba zai tuna wa kowa wannan ba, domin ba shi zai amsa tambaya ba.

Garuruwan da suka riga Tsarnawa shiga wannan ruwa sun bar darasi iri-iri, kuma ba duka ne ke goyon bayan ɓangare ɗaya ba. A Oktoban 2009 majalisar birnin Los Angeles ta amince da kwangilar sama da dala miliyan 7 don mayar da ma'aikata 30,000 kan manhajojin Google. Shekara biyu bayan haka aka cire 'yan sanda daga shirin, saboda tsarin bai cika sharuɗɗan tsaron bayanan masu laifi na hukumar FBI ba, birnin ya koma riƙe tsari biyu a lokaci guda. An sa hannu kafin a tantance wace takarda ce za ta iya fita, wace ce ba za ta iya ba. Birnin Munich na Jamus ya bi ɗaya hanyar: a 2003 ya yanke shawarar barin Microsoft ya koma Linux, ya kwashe shekara goma yana mayar da kwamfutoci kusan 15,000, sannan a 2017 wata majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, bayan ƙorafin ma'aikata da sauyin siyasa. Manhajar kyauta ma tana da nata kuɗin, na horo da haƙuri. Duk da haka a Afrilun 2024 jihar Schleswig-Holstein, a Jamus ɗin dai, ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice, a 2025 kuma birnin Lyon na Faransa ya sanar da irin wannan mataki. Masu kuɗin da suka fi kowa iya biyan haya su ne ke neman hanyar fita.

Kada kuma masu kishin ƙasa su yi saurin tafi. Ranar 26 ga Satumban 2025 gobara ta tashi daga batura a cibiyar ajiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon. Ɗaruruwan ayyukan gwamnati suka tsaya, kuma rumbun da ma'aikata ke ajiye takardunsu, G-Drive, mai terabayit 858, ya ƙone ba tare da kwafi a wani wuri ba. Na gwamnati ne, a cikin ƙasa yake, ba baƙon da ya taɓa shi, amma ya tafi. Cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa da ke cikin shirin shimfiɗa wayar intanet ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, abu ne mai kyau ga Yamai da ƙasa baki ɗaya, amma rumbu ɗaya rumbu ɗaya ne, ko tutar wa aka kafa a kansa.

Kuskuren da ake yi shi ne haɗa buƙatu uku a ƙunshi ɗaya, don haka dillali ke sayar da su. Rubuta wasiƙa da lissafin kasafi buƙata ce da LibreOffice ke biya ba tare da tamma ba, ba intanet, kuma a kan tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. Yana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce. Hukumar da ta nace sai Microsoft tana iya sayen Office 2024 sau ɗaya, wanda kamfanin ya ce zai kula da shi har 2029. Adireshin wasiƙa na aiki kuwa ba abu ne da kowace ƙaramar hukuma za ta je kasuwa ta nema ita kaɗai ba. Nijar na da ƙananan hukumomi sama da 260 da kuma hukumar da aka kafa a 2017 da sunan ANSI don irin wannan aiki. Ita ya kamata ta ba kowace ma'aikata adireshi mai ƙarewa da .ne, mai sunan kujera ba sunan mutum ba, yadda in ma'aji ya tafi, magajinsa zai tarar da wasiƙun a inda suke.

Buƙata ta uku, ajiyar takardun jama'a, ita ce ta cancanci a kashe mata kuɗi da tunani. Na'urar ɗaukar hoton takarda, kwamfuta ɗaya mai sola da ba a kallon fim a kanta, da faifan ajiya guda biyu, duka ba su kai hayar shekara biyu ba. Kwafi ɗaya ya zauna a Tsarnawa, ɗaya ya riƙa zuwa ofishin gunduma a Ƙonni duk ƙarshen wata, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba, na uku ya tafi Tawa ko Yamai. In ana son ƙari a gajimaren waje, babu laifi, muddin an kulle bayanan da makullin da ke hannun hukuma, kuma da sanin HAPDP. A nan gajimare ya zama ajiya ta huɗu, wadda in an rufe ta ba a rasa komai ba.

Idan kuma bayan duk wannan aka ga hayar ce mafita, to aƙalla a yi ta da rana tsaka. A da, kafin a sa irin wannan kuɗi a kasafi sai ya bi ta gaban kansiloli, waɗanda ko ba su san gajimare ba sun san darajar jika 900, kuma sun san za su koma ƙauye a tambaye su. Yau babu wannan majalisa. Kantoma naɗaɗɗe ne, sama yake kai rahoto, kuma wa'adinsa na iya ƙarewa da sanarwa ɗaya a rediyo. Kwangilar shekara uku da ya sa wa hannu za ta ɗaure wanda zai gaje shi, har da zaɓaɓɓen magajin gari in an dawo zaɓe. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a manna takardar a allon sanarwa, a karanta ta a rediyon gari da Hausa, harshen da kundin da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2025 ya ayyana a matsayin harshen ƙasa. Ƙananan sayayya irin wannan su ne suka fi saurin sulalewa, domin kuɗinsu bai kai matakin da dole a kira gasa a fili ba, kayan kuma ba a ganinsu. Buhun siminti ana iya ƙirga shi. Lasisi ashirin da aka biya aka kunna biyar, ko na sata da aka kawo da rasit ɗin na gaske, sai mai ido ya gane. Hukumar ARCOP mai sa ido kan sayayyar gwamnati da ANFICT mai tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi za su yi wa ƙasa aiki in suka fitar da farashi ɗaya da samfurin kwangila ɗaya, mai ɗauke da sharaɗin cewa asusun shugaba na hukuma ne ba na dillali ba, kuma ranar rabuwa za a miƙa duk takardu a sigar da kowace manhaja ke iya buɗewa.

Wannan sharaɗi na asusun shugaba ƙarami ne a rubuce, amma shi ne makullin. Wanda ke riƙe da shi yana iya buɗe wasiƙar kowa, ya rufe asusun kowa, ya goge abin da ya ga dama. In dillalin da ya kafa tsarin ya riƙe shi a wayarsa a Yamai, to hukuma ta zama baƙuwa a ofishinta, kuma ranar da aka yi saɓani kan biyan kuɗi za ta sani.

Abin da babu shi a takardar farashin kowane dillali shi ne mutum. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da sauran makarantun ƙasar suna yaye matasan da suka iya wannan aiki, da yawansu suna gyaran waya a bakin tasha ko suna shirin bin hanyar Agadas. Jika 900 ɗin nan, in aka raba shi wata goma sha biyu, jika 75 ne a wata. Tsarnawa da Ƙonni da Malbaza, waɗanda titi ɗaya ya haɗa, za su iya haɗa hannu su ɗauki ƙwararre ɗaya ko biyu masu zagayawa da babur, su koyar da sakatarori, su duba faifan ajiya, su gwada shi a gaban kantoma don a tabbatar yana buɗewa. Kuɗin zai kwana a yankin.

Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke ƙasashen waje sukan haɗa kuɗi su gina masallaci ko aji, ko su aiko da motar ɗaukar marasa lafiya, kuma kalmarsu tana da nauyi a gaban hukuma. Wanda zai zo gida bana da niyyar taimaka wa ma'aikatar magajin gari da kwamfuta, kafin ya sauke kwalin, ya nemi a nuna masa littafin rajistar shekarar da aka haife shi, ya tambaya ko akwai kwafinsa a wani wuri ban da wannan ɗaki, da kuma sunan kujerar da ke riƙe da lambar sirri.